Gyaran Hali Ta Hanyar Tukuici: Darasi Daga Ilimin Halayyar Ɗan Adam

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani koke da kusan kowace uwa ta taɓa yi, wato: "Na yi faɗa, na yi tsawa, har duka na yi, amma yaron nan kamar ana zuga shi." Idan abin ya ishe mu sai mu ce ai hali zanen dutse ne, mu sallama. To 'yar'uwa, masana ilimin halayyar ɗan Adam sun shafe sama da shekara 100 suna bincike a kan wannan batu, kuma abin da suka gano ga shi a taƙaice: duk ɗabi'ar da mutum ya yi ya samu wani abu mai daɗi a bayanta, to za ta ƙaru, wadda kuwa ba ta kawo masa komai ba, sannu a hankali za ta mutu. A kan wannan ƙa'ida aka gina wata hanyar jinya da ake kira gyaran hali ta hanyar tukuici. Za mu duba asalinta, da inda aka gwada ta, da yadda za ki yi amfani da ita a ɗakinki, da kuma inda iyakarta take.

Daga ina abin ya samo asali?

A shekarar 1898 wani ɗalibi a Jami'ar Columbia ta Amurka mai suna Edward Thorndike ya fitar da sakamakon wani bincike da ya yi da kyanwoyi. Yakan sa kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati, ya ajiye abinci a waje inda take gani. Akwatin ba ya buɗewa sai ta ja wata igiya ko ta taka wani katako. Da farko kyanwar sai ta yi ta yaƙushi da kai-kawo, har ta taɓa wurin bisa kuskure, ƙofa ta buɗe, ta ci abinci. Amma da aka yi ta maimaitawa, sai lokacin fitarta ya riƙa raguwa, har ya kai da an sa ta sai ta nufi igiyar kai tsaye. Ba wanda ya yi mata bayani, ba wanda ya doke ta. Abincin da ke biyo bayan jan igiya shi ne malaminta.

Bayansa sai B. F. Skinner, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Jami'ar Harvard, ya faɗaɗa wannan bincike da ɓeraye da tantabaru, ya fitar da littafinsa na farko a kan haka a 1938. Skinner ya gano abubuwa biyu da nake so ki riƙe, domin za mu dawo kansu. Na farko, tukuicin da ya zo nan take ya fi wanda aka jinkirta tasiri nesa ba kusa ba. Na biyu, ɗabi'ar da ake saka mata wani lokaci a ƙi wani lokaci, ta fi kowace ɗabi'a wuyar bari, domin mai ita kullum yana sa ran ko wannan karon za a dace.

Kada ki ce to mu ina ruwanmu da kyanwa da ɓera. Ɗan Adam yana da hankali da tunani da niyya, waɗanda dabba ba ta da irinsu, wannan gaskiya ne. Amma ta fuskar sabo da ɗabi'un yau da kullum, an gwada wannan ƙa'ida a kan mutane an ga tana aiki.

Inda aka gwada a kan mutane

A farkon shekarun 1960, masana biyu, Teodoro Ayllon da Nathan Azrin, suka kafa wani tsari a sashen mata na asibitin masu taɓin hankali da ke garin Anna a jihar Illinois ta Amurka. Matan nan sun daɗe a asibiti, da yawansu sun daina kula da jikinsu, ba wanka, ba gyaran gado, sai zama kawai. Sai aka tsara cewa duk wadda ta taje kanta, ko ta gyara gadonta, ko ta taimaka a kicin ko wurin wanki, za a ba ta wasu 'yan alamomi masu kama da kwabo a nan take. Da waɗannan alamomi za ta iya sayen abin da take so, kamar alewa, ko zaɓen ɗakin kwana, ko fita shan iska a harabar asibiti. Sai ga matan sun tashi suna aiki. Don a tabbatar ba sa'a ba ce, sai aka koma ba su alamomin kyauta, ko sun yi aiki ko ba su yi ba. Nan da nan aikin ya faɗi ƙasa warwas. Da aka dawo da sharaɗin, sai aikin ya dawo. Kin ga ke nan ba kyautar ce ke gyara hali ba, haɗa ta da aikin shi ne sirrin. Sun rubuta littafi a kan wannan tsari a 1968, kuma daga nan ya bazu zuwa makarantu da gidajen renon yara.

A farkon shekarun 1990 kuma, Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya gwada hanyar a kan masu shan hodar iblis. Ana gwada fitsarinsu sau uku a mako. Wanda aka samu fitsarinsa ba ƙwaya, sai a ba shi takardar sayen kaya, ta farko ta dala biyu da rabi, kuma darajarta tana ƙaruwa muddin ya ci gaba da ƙauracewa. Ranar da ya koma sha, sai lissafi ya koma farko. A yau wannan hanya tana cikin waɗanda bincike ya fi tabbatar da amfaninsu wajen jinyar masu shan irin waɗannan ƙwayoyi.

Ga wani da ya shafe mu mata. A 2015 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Glasgow na Birtaniya a kan mata masu ciki 612 masu shan taba. Dukkansu an ba su shawarwarin da aka saba bayarwa a asibiti, amma rabinsu an ƙara musu da takardun sayayya da za su iya kaiwa fam 400 idan sun bi matakan dainawa. Zuwa ƙarshen ciki, kashi 22.5 cikin 100 na waɗanda aka ba tukuici sun daina, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 8.6 ne kacal. Haka nan a jihar Rajasthan ta Indiya, wani bincike da ya fito a 2010 ya nuna cewa a ƙauyukan da ake ba uwa kilo ɗaya na wake duk ranar da ta kawo ɗanta allurar riga-kafi, da kwanukan cin abinci idan ta kammala, yaran da suka cika allurarsu sun kai kashi 39, alhali inda aka kawo ma'aikatan allura ba tare da wake ba kashi 18 ne, inda ba a yi komai ba kuwa kashi 6. Duba dai, kilo ɗaya na wake! Ba girman tukuici ba ne abin lura, zuwansa a kan lokaci ne.

Tukuicin da muke bayarwa ba mu sani ba

To yanzu mu shigo gida. Abin da ya kamata ki fara ganewa shi ne, ko kin san wannan ilimi ko ba ki sani ba, kullum kina ba da tukuici. Tambayar ita ce, wace ɗabi'a kike saka wa?

Ɗauki misalin yaron da kuka je unguwa ya ga mai alewa ya ce sai an saya masa. Kin ce a'a, ya fara kuka. Kin sake cewa a'a, ya faɗi yana birgima, mutane suna kallo. Don kunya sai kika saya. Me yaron ya koya? Ya koyi cewa roƙo ba ya kawo alewa, ƙaramin kuka ma ba ya kawowa, birgima ce ke kawowa. Ke ma kin samu naki tukuicin, domin kukan ya tsaya kin huta, saboda haka gobe za ki fi saurin saya. Kowa ya koyar da kowa. Idan kuma wata rana kika hana, wata rana kika bayar, to kin faɗa cikin abu na biyu da Skinner ya gano, kin dasa ɗabi'ar da ta fi kowacce wuyar cirewa.

Sannan akwai tukuicin da ya fi alewa ƙarfi a wurin yaro, wato kulawarki. Ki lura da kanki yini guda. Lokacin da yara ke wasa lafiya lau, me kike yi? Sai ki ce alhamdu lillahi, ki lallaɓa ki ci gaba da girki, ba ki ce musu uffan ba. Da zarar faɗa ya kaure sai ki saki muciya ki rugo, ki kira sunan kowa, ki tsaya kansu minti goma. A wurin yaron da ke kishirwar kulawa, musamman wanda aka yi wa ƙani ko wanda ke cikin yara da yawa, faɗan da kike masa ma riba ce, domin ya fi a manta da shi.

An gwada wannan a aji. A 1968 wasu masana uku, Madsen da Becker da Thomas, suka yi bincike a azuzuwan firamare a Amurka. Da malamai suka kafa dokoki kawai, ba wani canji na a zo a gani. Da suka riƙa kau da kai kawai daga ƙananan fitina, shi ma bai wadatar ba. Amma da suka haɗa kau da kai daga fitina da yabon yaron da ke zaune yana aikinsa, sai fitinar ta ragu sosai.

Yadda za ki yi a aikace

1. Zaɓi ɗabi'a ɗaya tak. Kada ki ce za ki gyara ƙiwa da ƙarya da ƙazanta a mako guda. Ki fara da wadda ta fi sauƙi, domin ke da yaron ku ɗanɗani nasara.

2. Faɗi abin da kike so a yi, ba wanda kike so a bari ba. Alan Kazdin na Jami'ar Yale, wanda ya daɗe yana horar da iyaye, yana koyar da cewa a nemo kishiyar mugun halin a saka mata. Maimakon "daina watsar da kaya", ki ce "idan ka dawo makaranta ka rataye jakarka a ƙusa". "Ki zama yarinyar kirki" ba umarni ba ne da yarinya 'yar shekara biyar za ta gane, amma "ki wanke hannu kafin ki ci" a fili yake.

3. Ba da tukuici nan take. "Idan ka natsu zan ɗinka maka kayan Sallah" ba ya aiki a wurin ƙaramin yaro, domin wata uku a wurinsa kamar shekara ce. Da ya rataye jakar, a wannan minti za ki yi magana.

4. Yabonki ya ambaci aikin. Ki dube shi, ki saki fuska, ki dafa kansa ki ce: "Madalla, na ga ka rataye jakarka ban ko tuna maka ba, Allah ya yi maka albarka." Kada ki ɓata yabon da gori, irin su "da ma kullum haka kake yi da mun huta". Kuma ki yabi ƙoƙari fiye da baiwa. Binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa da "kana da ƙwaƙwalwa" sun fi gudun aiki mai wuya da saurin karaya, a kan waɗanda aka ce musu "ka yi ƙoƙari".

5. Yi amfani da alama. Samu tsohuwar kalanda ki manna a bango, duk ranar da ya cika sai ku zana tauraro tare. Ku yi yarjejeniya tun farko: taurari biyar suna sayen abu kaza. Ba sai kin kashe kuɗi ba. Tatsuniya biyu maimakon ɗaya, zuwa gidan kaka, zaɓen miyar dare, ƙunshin lalle ga yarinya, rakiyar Baba kasuwa, duk tukuici ne. Ki tambayi yaron abin da yake so, domin abin da bai dame shi ba ba zai motsa shi ba. Tauraron da ya riga ya samu kuwa kada ki goge shi don ya yi wani laifi, haƙƙinsa ne.

6. Sa abin da yake so a bayan wanda ba ya so. Wani masani David Premack ya bayyana wannan ƙa'ida a 1959, kodayake kakanninmu sun riga shi aiki da ita: "Share tsakar gida tukuna, sannan ki tafi wasa." Kuskuren da ake yi shi ne juya ta, a bar yaro ya kalli katun bisa alkawarin zai yi aikin makaranta daga baya.

7. Bi mataki-mataki. Yaron da ba ya iya zama minti biyu a kan littafi, kada ki jira sai ya yi rabin awa kafin ki yaba. Ki saka wa minti biyar, idan ya saba ki matsa zuwa goma. Sannu ba ta hana zuwa.

8. Shirya wa tawayen farko. Ranar da kika daina biyan birgima da alewa, birgimar za ta ƙaru kafin ta ragu, domin yaron zai ƙara ƙarfi ya ga ko tsohuwar dabara za ta ci. A nan ne iyaye da yawa ke karaya su ce abin bai yi ba. Ki daure, kuma da ya yi shiru ki juyo gare shi da fara'a. Amma kau da kai na ƙananan abubuwa ne kamar ƙunƙuni da kukan banza. Dukan ƙani, wasa da wuta ko wuƙa, waɗannan tsayar da su ake yi nan take.

9. Haɗa kai da mutanen gida. Idan kin hana, kaka ko abokiyar zama ko maigida ya bayar, aikinki ya koma baya. Ki zauna da su cikin ladabi ki yi musu bayani kafin ki fara.

10. Janye a hankali. Idan ɗabi'ar ta zauna na wasu makonni, sai ki riƙa tsawaita tazarar taurari, har a bar su, yabo da addu'a su ci gaba.

Misali: fitsarin kwance

Wannan matsala ta isa a tsaya a kanta, domin yara da yawa na shan duka da waƙar tsokana a kanta. Yaro ba ya yin fitsarin kwance da gangan, barci yake yi, kuma kafin shekara biyar ba a ma ɗaukarsa matsala. To idan kika ce tauraro sai ranar da ya tashi a bushe, kin ɗora tukuici a kan abin da ba ya hannunsa. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar tsara hanyoyin jinya ta Ingila, NICE, ta fitar a 2010 ta ce a saka wa abin da yaron ke iya yi: shan isasshen ruwa da rana, zuwa bayi kafin kwanciya, taimakawa wajen cire zanen gado da safe. Ta kuma hana hukunta shi ko ƙwace abin da ya riga ya samu. Idan kuwa yaro ya daɗe da dainawa sai ya dawo yi, ko yana yawan jin ƙishirwa yana ramewa, ko yana kuka wajen fitsari, wannan ba maganar tauraro ba ce, asibiti za ki kai shi.

Shin wannan ba cin hanci ba ne?

Na san wata za ta ce, to ai sai yaro ya saba ba ya komai sai an biya shi. Tambaya ce mai kyau. Bambancin yana wurin lokaci. Toshiyar baki ita ce wadda ake bayarwa a tsakiyar rashin ji don a samu lafiya, kamar alewar mai birgima. Tukuici kuwa an yi yarjejeniyarsa tun ana zaune lafiya, kuma ba ya zuwa sai bayan aikin kirki.

Duk da haka tsoron yana da tushe. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa suka yi gwaji a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford, da yaran da da ma suna son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu aka ba su ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da aka ajiye kayan zane a aji, yaran da aka yi wa alkawari sun yi zane kusan rabin lokacin da sauran suka yi. Wato abin da suke yi don sha'awa ya koma musu aikin lada. Darasi a nan shi ne: abin da yaro ke yi da kansa cikin jin daɗi, kada ki sa masa farashi, yabo ya isa. Taurari da kyauta na ɗabi'ar da ta ƙi tashi ne, kamar turin da ake yi wa mota, da ta kama sai a sake ta. Kuma duk lokacin da kike ba da tukuici ki riƙa faɗin dalilin aikin, domin ranar da babu tauraro dalilin ya riƙe shi.

Iyakar wannan hanya

Akwai abubuwan da ba a sa su cikin ciniki ko kaɗan: abinci, barci, magani, makaranta da ƙaunarki. Kada yaro ya taɓa jin cewa sai ya cika kalanda za a so shi. Kada kuma ki mai da taurari gasa tsakanin 'ya'ya, musamman 'yan uba, kowa a auna shi da jiyansa.

Sannan ba kowane hali ne rashin ji ba. Yaron da ba ya amsa kira wataƙila kunnensa ne, wanda ke ƙin karatu wataƙila allo ne ba ya gani, wanda ya canza farat ɗaya ya koma tsoro ko shiru wataƙila wani abu ne ya same shi da yake buƙatar ki saurare shi. Haka nan matsalar shaye-shaye ko taɓin hankali, tsarin tukuicinsu ma'aikatan lafiya ne ke gudanar da shi tare da gwaji da magani. Idan kin yi makonni kina bin matakan nan ba canji, ki nemi likitan yara ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin da ke kusa da ke, ba abin kunya ba ne.

Aikin gida

Kafin fitowa ta gaba, ga abin da za ki gwada. Kwana uku na farko kada ki canza komai, ki dai riƙa ƙirgawa: sau nawa kika yi wa yaronki magana don ya yi laifi, sau nawa don ya yi daidai? Ki rubuta a takarda. Daga rana ta huɗu ki zaɓi ɗabi'a ɗaya, ki riƙa farautar lokacin da zai yi ta, ko da rabi-rabi ne, ki yaba nan take. Ki yi haka mako biyu ba fashi, sannan ki sake ƙirgawa ki kwatanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfin tsiya karya shi yake yi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin tarbiyyarsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, wassalamu alaikum.